Shekarar da Gangare Ta Gyaru

A Illela aka haife ni, a wata shiya da ake kira Gangare, can gefen hanyar da ke fita zuwa Ƙonni. A wancan zamani idan ka ce wa mutumin cikin gari daga Gangare kake, sai ka ga ya kai hannu ya dafe aljihunsa, ko da kuwa mai maganar yarinya ce 'yar shekara bakwai kamar yadda nake a lokacin. Ban ga laifinsa ba. Shiyarmu ce matattarar 'yan caca da masu dafa giya. Jakin da aka sato daga tsallaken iyaka a Gangare yake kwana kafin a san inda za a kai shi, wanda aka sata a wajenmu ma a nan yake kwana kafin ya ƙetara. Da wuya wata ya fito ya faɗi ba a ji an soki wani da wuƙa ba. Mu da ba mu caca ba mu sata muna nan a tsakiyarsu, domin a nan kakana ya kafa bukkarsa tun wurin yana fili.

Mu huɗu ne a gidan. Akwai Baba, wanda yake da jakuna yana ɗaukar wa fatake gishiri da goro tsakanin Illela da Ƙonni. Akwai mahaifiyata, da nake ce wa Iya. Sai ni, Dije. Sai kuma kakata ta wajen uba, sunanta Kulu, amma duk shiyar Inna ake ce mata. Inna tuwon dawa take sayarwa a ƙofar gida, daga la'asar zuwa magariba. Masu cin tuwonta kuwa su ne dai mutanen da na lissafa. Wanda ya ci caca ya sayi malmala da nama, wanda aka cinye ya zauna ya yi tagumi har ta ji tausayinsa ta zuba masa miya a kan ƙanzo. Wasu su ba ta sulalla, wasu sefa, kuɗin tsallaken iyaka, ba ta ƙin ko ɗaya. Tana zuba musu tana zaginsu.

A cikinsu akwai wani dogo mai yankakken kunne, sunansa Nomau. Kowa ya san sana'arsa. Shi ne ya taɓa saran ƙanin Iya a hannu a kan hanyar kasuwa, ya ƙwace masa jakar fata, saboda haka idan Iya ta ji muryarsa a waje ko ruwa take sha sai ta ajiye. Amma kuma ranar da aka sace akuyar Inna, Nomau ne ya jawo ta da hantsi, da sabuwar igiya a wuyanta, ya ɗaure ta a turke.

Ya ce, "Inna, yaro na yai kuskure. Bai san taki ta ba."

Inna ta ce, "Da ta wani ta, ba kuskure ba ne ke nan? Allah shi shirye ka, Nomau. Zauna ka ci."

Da an idar da sallar magariba, 'yan tuwo sun watse, sai Inna ta ja tabarmarta kusa da murhu. Itacen ya gama ci, saura garwashi. Yaran maƙwabta su fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya ta ɓarakar darni, har mu cika gaban murhun. Ta kankare gindin tukunya ta raba mana ƙanzo, kowa ya riƙe nasa yana gutsura kaɗan kaɗan don kada ya ƙare kafin tatsuniya ta ƙare. Tana da yadda take buɗewa, ban taɓa jin wani ya yi irinsa ba. Sai ta dubi ƙofa kamar ta ji sallama, ta ce, "Ga wata can ta taho da ƙahwatta." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, akwai tabarma."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta Bushiya.

Wai Bushiya tana zaune da 'ya'yanta a cikin wani surƙuƙin ƙaya, wurin da ba dabbar da ke son shiga. Ba ruwa kusa, ba ciyawa, sai macizai. Kowace damina sai maciji ya haɗiye mata ɗa guda. Ta yi kuka har ta gaji, ta roƙi Allah ya kawo mata ɗauki. Ana nan sai ga Giwa ta biyo ta wurin, ba don Bushiya ba, hanya kawai take nema zuwa wani tafki. Ta tattake ƙayar nan kaf. Macizai suka watse, wanda bai gudu ba ta murƙushe shi. Da ruwa ya sauka sai ya taru a sawun ƙafafunta, ciyawa ta tsiro, wurin ya yi kore shar. Bushiya ta wanke 'ya'yanta, ta tasa su gaba, suka je suka durƙusa wa Giwa suka yi godiya.

A nan Inna take tafa hannu ta ce, "Ta ƙare nan. Wanda bai ƙoshi ba shi sha ruwa." Mu tashi muna murna, kowa yana cewa shi ne Giwa. Iya ma, da take jin mu daga ɗaki, takan ce, "Allah ka kawo muna tamu Giwar."

To, ba a daɗe da samun mulkin kai ba sai ga ta ta zo.

Da farko wasu mutane muka gani da gajeren wando suna kafa turaku suna jan igiya. Daga baya aka kawo wata mota mai haƙori a gaba tana tura ƙasa, muka bi ta da gudu har bakin iyaka. Aka ce za a gyara hanyar Sakkwato ta zama ta manyan motoci, kuma ta tsakiyar Gangare za ta ratsa. Aka faɗaɗa ofishin kwastan. Aka ƙaro 'yan doka. Wata Laraba da la'asar suka zagaye rumfar caca, suka fasa tulunan giya har warin ya kwana uku a shiya, suka ɗaure mutane a igiya ɗaya aka wuce da su ta ƙofar gidanmu. Nomau yana cikinsu. Da ya zo daidai murhun Inna ya juyo ya ce, "Inna, a yi muna addu'a."

Iya ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Inna kuwa ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Gaskiya ita ce shiyar ta gyaru, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Aka haƙa rijiya aka ɗaure bakinta da siminti. Iya ta fara zuwa ɗiban ruwa ita kaɗai, ba sai Baba ya raka ta ba. Muka daina shigar da awaki cikin ɗaki. Inda rumfar caca take aka share aka fara ginin makaranta. Attajirai daga Sakkwato, har da na Kano, suka fara zuwa suna duba filaye a bakin sabuwar hanya. Wani mai suna Alhaji Bawa ya karɓi gidan da ke jikin namu ya rushe, ya tayar da soro mai rufin kwano da shaguna a gaba. Ranar da aka gama rufin, mutane suka zo kallo daga Lafani da Gidan Katta. Na tuna yadda nake alfahari. Na je cikin gari aike, wata mata ta tambaye ni daga ina, na ce Gangare, ta ce, "A'a, 'yan sabuwar shiya ke nan." Ba ta kai hannu ta dafe bakin zanenta inda take ƙulle kuɗi ba.

Amma a daidai wannan lokacin ne na fara ganin abin da ban gane ba. Tukunyar Inna, da tuwonta ke ƙarewa kafin magariba, ta fara komowa da rabin tuwo. Ma'aikatan kwastan da yaran shago ba su cin tuwo a ƙofar gida. Wani mai shayi ya kafa tebur a bakin hanya da burodi, can suke zama. Baba kuma ya fara wuni a gida, domin kayan da jakunansa ke kaiwa a kwana biyu, mota ɗaya ta kwashe su kafin azahar. Sannan yaran da ke zuwa jin tatsuniya suka fara raguwa. Yau a ce gidan su wance sun koma ƙauye, gobe a ce gidan su wane an ba wani Alhaji. Ba wanda aka kora da sanda. Ka dai wayi gari ka ga ana ɗaure tabarmi.

Sai ga duba-gari, wani saurayi mai farar hula da littafi a hammata. Ya gaida Inna da ladabi, ya zagaya gidan. Ya ce darnin kara a bakin babbar hanya ba zai yiwu ba, wuta na iya tashi ta kama shagunan mutane, sai dai a yi katangar ƙasa. Ya ce turken jakuna yana kawo ƙuda. Ya ce murhun ƙofar gida ma a mayar da shi ciki.

Inna ta ce, "Ɗana, lokacin da anka soke mutum nan inda kake tsaye, ina kake da littahinka?"

Ya ce, "Inna, ai shi ya sa ake gyara."

Ta dube shi ta ce, "To." Ita ma ta san maganarsa ba ƙarya ba ce.

Bayan kwana kaɗan Alhaji Bawa ya yi sallama da kansa. Na so a ce mugu ne, da labarin ya fi sauƙin bayarwa. Ba mugu ba ne. Ya cire takalmi, ya tsuguna ya gaida Inna, ya ajiye mata goro. Ya ce yana da gona babba a Darna Sabon Gari, da fili a gefenta wanda zai ishi gida da turke. Idan Baba ya yarda a yi musaya, shi zai sa a gina musu ɗakuna kafin damina. Ya ce ba dole, ya dai ga halin da ake ciki ne.

Da ya fita aka yi gardamar da ban taɓa jin irinta a gidanmu ba. Abin da ya rikita ni shi ne kowa ya tsaya a inda ban zata ba. Baba, wanda ko ana zagin Gangare shi yake kare ta, shi ne ya ce a tafi. Iya, da ta yi shekaru tana roƙon a fitar da ita daga shiyar, ita ce ta fara kuka.

Ta ce, "Mun sha wuyatta, yanzu da tag gyaru za mu bar ma wasu? Sai da nis samu rijiya?"

Baba ya ce, "Rijiya za mu ci? Jakkaina na nan kwance. Katangar da anka ce a yi, da mi za ni yin ta?"

Inna kuwa, wadda kullum take cewa Allah ya tarwatsa wannan shiya, ta ce ba inda za ta. Baba ya ce, "Inna, ba ke ce ke roƙon a kwashe su Nomau ba?"

Ta ce, "Ni ce. Kuma da za a maido su, da na sake roƙo."

"To mi kike so?"

"Ban sani ba, Mamman. Ka bar tambayata."

A wannan maraicen mu uku kawai muka zauna gaban murhu, ni da wasu 'yan mata biyu da gidansu bai tashi ba tukuna. An riga an mayar da murhun ciki. Ƙanzo ya yi mana yawa. Muka roƙi ta Bushiya. Inna ta daɗe tana tona garwashi da tsinke, sannan ta dubi ƙofa ta buɗe kamar yadda ta saba.

Ta bi labarin daidai har inda ciyawa ta tsiro. Muna shirin jin an wanke 'ya'ya an tafi godiya, sai ta zarce. Ta ce da wurin ya yi kyau sai bareyi suka ji labari suka zo, shanu suka zo, har raƙuma. Ba su da nufin kowa da sharri, ciyawa suka zo ci. Amma ƙafafunsu manya ne, ba su ganin abin da ke ƙasa. Ramin Bushiya ya rufta sau biyu. Ga shi ba ƙaya, ba inda za ta ɓoye 'ya'yanta idan shaho ya kewayo. Tsutsotsin da take ci a gindin ƙaya ma sun tafi tare da ƙayar. Sai ta tasa 'ya'yanta gaba ta tafi neman Giwa. A hanya ta ƙirga su ta ga bana ba wanda maciji ya ci, duk suna nan. Ta iske Giwa a bakin tafki. Giwa ta sunkuyo ta ce, ke kuwa wace ce, me ke tafe da ke?

A nan Inna ta tsaya.

Na ce, "Inna, mi tac ce?"

"Ba ta ce komi ba."

"Godiya taz zo yi ko ƙara?"

"Ita ma da tat taso ta sani. Da ta iso ta mance."

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce, "Ai ba haka take ba da. Da godiya sunka yi."

Inna ta ce, "Da ban kai ƙarshenta ba na."

Na ce, "To Giwa mutuniyar kirki ce ko muguwa?"

Ta ce, "Giwa hanya take nema, Dije." Ta tafa hannu, amma ba ta faɗi maganar rufewa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta bar mu da wutar. Na ji haushi ƙwarai. A ganina ta ɓata mana tatsuniya mai daɗi ba gaira ba dalili.

Kafin damina aka tashi. Jakunan Baba ne suka kwashe kayan, aikinsu na ƙarshe ke nan a kan wannan hanya. Sai dai ni ban bi su ba. Uwargidan Alhaji Bawa ta roƙi a bar mata ni in riƙa taya ta hira, in kuma shiga sabuwar makarantar da aka buɗe, tunda ana neman 'yan mata. Iya ta amince, Baba bai hana ba, Inna ta ce, "A bar ta. Ko mutum guda namu shi ga abin da anka gyara." Haka na zauna a gidan da aka faɗaɗa a kan namu. Ɗakin da nake kwana, mai daɓen siminti, daidai turken jakunanmu yake. Matar ta riƙe ni da amana, ba ta taɓa nuna mini bambanci da 'ya'yanta ba. Nakan kwanta ina jin daɗin santsin daɓen, sai kuma in ji kamar na yi wa wani laifi, ban san ko wa ba.

Ina aji uku Nomau ya dawo daga gidan yari. Na gan shi tsaye a bakin hanya da rana, ya rame, yana duban shagon da ke inda murhun Inna yake a da. Ya gane ni.

Ya ce, "Ɗiyar Mamman ce? Ina Inna?"

Na ce tana Darna.

Ya ce, "Wa ka sai da tuwo nan yanzu?"

Na ce ba kowa, sai dai shayi. Ya gyaɗa kai ya daɗe yana kallon rufin kwano. Daga baya Alhaji Bawa ya ɗauke shi gadin shaguna, wai ba wanda ya fi shi sanin ta inda ɓarawo ke shiga. Har ya mutu ba a fasa shago ko ɗaya ba. Da na kai wa Iya labari ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi har yanzu. Da na kai wa Inna ta yi dariya har da hawaye, ta aika masa da kuka da daddawa.

Inna ta yi shekara huɗu a Darna kafin ta rasu. Ta samu fili ta shuka kuɓewa da yakuwa, ba wanda ya taɓa ɗaukar mata ko tsinke. Ta yi ƙiba ma. Amma ba ta sake ɗora tukunyar sayarwa ba, kuma takan ce garin ya cika shiru, ba wanda za ka zaga. Idan na je hutu yaran Darna suna taruwa a gabanta, tana ba su tatsuniyoyi iri iri. Na lura ba ta ba su ta Bushiya. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce ta manta yadda take.

Na yi karatu, na zama malamar makaranta, na koyar da yara sama da shekara talatin. Duk wannan daga ajin da aka gina a kan rumfar caca ya faro. Idan na ce gyaran Gangare zalunci ne, to da me na zama abin da na zama? Idan na ce alheri ne, ina mutanen da suka sha wahalar shiyar, me ya sa ba su ne suka sha ruwan rijiyar ba? Na daɗe ina zaton Inna ta ɓoye mana darasin ne don mu yara ne, wata rana zan girma in gano shi. Yanzu na wuce shekarun da take da su a lokacin. Abin da na gano shi ne ba ta ɓoye komai ba. Iyakar abin da ta sani ta faɗa, ta tsaya inda saninta ya tsaya, ba ta yarda ta ƙirƙiro mana ƙarshe don mu ji daɗi ba.

Da muka yi ritaya ni da maigidana, muka nemi gida a Sakkwato. Aka nuna mana wani a wata tsohuwar shiya da a da ko direban haya ba ya yarda ya shiga, amma yanzu an zuba kwalta an sa fitilu, malaman jami'a da 'yan kasuwa suna ta saye. Gidan ƙasa ne, na wata tsohuwa da 'ya'yanta suka ce za su mayar da ita bayan gari. Ba mu cuce su ba, abin da suka nema muka ba su. Ranar da za ta fita na je. An gama loda kayanta, tana tsaye a tsakar gida da buta a hannu. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ke ce mai gidan?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta kama hannuna ta ja ni zuwa wani ɗaki a kudu, ta nuna mini kusurwar rufi. Ta ce, "Nan yana yoyo in ruwa ya taho daga gabas. Ki sa a yaɓe shi tun kahin damina, kada ki bari sai ya jiƙa miki kaya."

Na ce, "To, Inna. Na gode."

Ban gaya mata cewa ranar Asabar magina za su zo su rushe gidan duka ba.